KWANA BIYU A DEI-DEI: INA FADAMA TA NUFA?

A kwanakin baya ne tafiya ta kama ni zuwa Dei-Dei, watau garin nan da ke bakin babbar hanyar da ta tashi daga tsakiyar Abuja ta ratsa Kubwa ta nufi Zuba. Abin da ya kai ni bai wuce rakiyar wani ɗan'uwana da ke gini ba, wanda ya je sayen rodi da kwanon rufi. Amma da yake matafiyi bai san abin da zai tarar a gaba ba, sai na komo gida da wata kalma guda tana yi mini yawo a zuciya. Kalmar kuwa ita ce fadama. Ita nake so mu tattauna a kanta yau, jama'a masu karatu, mu dubi ma'anarta da irin tafiyar da ta yi a duniya, sa'an nan mu gwada ta da wata 'yar'uwarta ta Ingilishi wadda abin da ya same ta ya isa ya zame mana ishara.

Duk wanda ya san Dei-Dei ya san gari ne na kasuwanni. Akwai babbar kasuwar kayan gini, inda za ka ga siminti da rodi da tayil da bututu jibge kamar ba za su ƙare ba. Akwai kasuwar katako, inda ƙarar injin tsaga ba ta barin mutum ya ji maganar na kusa da shi. Akwai kara, inda ake sauke shanu da tumaki da awaki daga Arewa, ga kuma mayanka. Har ila yau akwai kasuwar kayan gwari, wadda tun kafin gari ya waye manyan motoci ke shigo mata da kwandunan tumatir da buhunan tattasai da attarugu da albasa. Kunnen Bahaushe in ya ji sunan garin sai ya ji kamar an ce "daidai", kuma lalle in don ciniki ne sunan ya yi daidai, domin da wuya ka nemi abu ka rasa.

Ranar farko muka gama sayayyarmu da la'asar. Washegari da asuba na bar ɗan'uwana yana neman motar ɗaukar kaya, na taka zuwa wajen 'yan gwari. Lokacin kuwa tsakiyar rani ne, kaya sun yi yawa, kwando bisa kwando. Na tambayi wani dillali daga ina wannan alheri yake, sai ya shiga lissafa mini garuruwa: Kadawa da Kura da Garun Malam a Jihar Kano, Ɗanja a Jihar Katsina, da ƙauyukan Zariya, da Hadeja. Da ya gaji da lissafi sai ya taƙaita mini, ya ce ai duka kayan fadama ne. Ya ƙara da cewa in na komo da damina zan tarar kwandon ya yi tsada ninkin ba ninkin, domin a lokacin nan mai wurin ya karɓi abinsa. Na ce wane ne mai wurin? Ya yi dariya ya ce ruwa mana.

To, wannan amsa ta dillali ita ce ma'anar fadama gaba ɗayanta, ko malamin jami'a ba zai fi haka ba. Fadama ƙasa ce mai kwari a gefen kogi ko ƙorama ko tafki, wadda ruwa kan malale ta da damina, in ya janye ya bar mata laka mai taki da damshi a kusa, har mutum ya haƙa kamu kaɗan ya tarar da ruwa. Watau ƙasa ce mai iyayengiji biyu. Ruwa ke da ita daga tsakiyar damina zuwa kaka, manomi kuwa aro ake ba shi da rani. Wanda ya san wannan sharaɗi ya ci amfaninta, wanda ya manta da shi kuwa ya sha mamaki.

Hausa ba ta yi rowar kalmomi ba a kan sha'anin ƙasa da ruwa, kuma kowace kalma da aikinta. Gaɓa ita ce gefen kogi inda ƙasa ta tsaya ruwa ya fara. Tsibiri shi ne tudun da ruwa ya kewaye. Dausayi shi ne wuri mai ni'ima da ɗanyar ciyawa inda dabbobi kan more. Rafi yakan zama ƙoramar kanta, yakan kuma zama lambun da ke bakinta. Kishiyar fadama kuwa ita ce tudu, sai kuma jigawa, watau tudu mai rairayi, wadda daga gare ta ne jihar da aka ƙirƙira a 1991 ta sami sunanta. Manomin da ya san abin da yake yi yakan so ya haɗa biyu: gonar tudu don gero da dawa da wake, da 'yar fadama don shinkafa da rake da alkama da kayan miya. In damina ta yi gardama, tudu ya ƙi, sai fadama ta rufa asiri. Saboda haka ne tun zamanin da fadama ta fi gonar tudu daraja wajen saye da jingina da rabon gado.

Dubi kuma yadda kakanninmu suka zauna. Da wuya ka ga tsohon gari an kafa shi a tsakiyar fadama. A kan tudu ake gini, a gangara fadama a yi noma, a komo tudu a kwana. Shi ya sa kusan kowane babban gari na Arewa yana da Tudun Wada. Inda aka saɓa wa wannan ƙa'ida kuwa, ruwa ya yi hukunci. Tsohon birnin Maraɗi a cikin kwarin gulbi yake, sai da ambaliyar 1945 ta rushe shi, sa'an nan aka hau da garin kan tudu inda yake a yau.

Ita wannan kalma tamu ba ta tsaya a gida ba. Bargery ya sa ta a ƙamusunsa na 1934, Abraham ma ya sa ta a nasa na 1949. Ma'aikatan gona na zamanin Turawa da masu binciken ƙasa da suka biyo bayansu sun duba cikin Ingilishi ba su sami kalma guda da ta ɗauki ma'anarta cif ba, domin kalmominsu ko dai su nuna wurin da ruwa ke kwance kullum, ko kuwa makiyaya mai ciyawa, ba su nuna wannan karɓa-karɓa ta ruwa da manomi ba. Sai suka ɗauke ta ɗungurungum suka sa a rubuce-rubucensu. Haka suka yi wa 'yan'uwanta na wasu sassan Afirka, kamar "dambo" ta ƙasashen Zambiya da Malawi. Fatake da 'yan ci-rani su ma sun kai ta nesa. A birnin Accra na Ghana akwai tsohuwar Fadama a gefen kogin Odaw da tafkin Korle, akwai kuma sabuwar Fadama, unguwar da gidan Babban Limamin ƙasar, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, yake. A Bauci ma akwai unguwar Fadamar Mada. Duk inda ka ji sunan, to ka tabbata akwai ranar da ruwa ya kwana a wurin.

Babbar tafiyar da kalmar ta yi kuwa ita ce wadda ta kai ta Washington. Tun cikin shekarun 1980 hukumomin raya aikin gona na jihohin Kano da Bauci da Sakkwato suka fara koya wa manoma haƙa ƙananan rijiyoyin burtsatse da jawo ruwa da ƙaramin inji mai shan fetur, maimakon jigo da guga waɗanda ke cin ƙarfin mutum kafin ya shayar da fangali kaɗan. Da aka ga abin ya karɓu, sai Bankin Duniya ya amince a 1992 ya ba da rance don shirin raya fadama na ƙasa, wanda ya gudana daga 1993 zuwa 1999. Kashi na biyu ya fara a 2004, kuma Babban Birnin Tarayya yana cikin wuraren da suka amfana. Kashi na uku, wanda aka amince da shi a 2008 da rancen dala miliyan 250, ya game jihohi 36 duka da Abuja. Ta haka ne mutumin Imo da na Ogun, wanda bai iya gaisuwa da Hausa ba, ya wayi gari yana cikin ƙungiyar Fadama.

Wannan abin alfahari ne, amma akwai abin lura a ciki. Da kalmar ta shiga ofis sai ma'anarta ta fara sauyawa. A bakin mutane da yawa, Fadama ta zama sunan shiri, sunan mota mai tambari, sunan tallafin injin niƙa ko ɗakin kaji ko hanyar karkara. Na gwada tambayar wani saurayi mai sayar da tayil, haifaffen Abuja, ko ya san fadama. Ya amsa mini da ƙarfinsa cewa ya sani, ai wani shirin gwamnati ne. Ban ga laifinsa ba, abin da ya tashi ya tarar ke nan.

A nan ne na tuna da 'yar'uwarta ta Ingilishi da na ambata tun farko, watau kalmar "strand". Tsohuwar kalma ce ƙwarai, tana cikin Ingilishi tun fiye da shekara dubu, kuma ma'anarta ita ce ƙasar da ke bakin ruwa, ko na teku ko na kogi. Har gobe Jamusawa da mutanen Holan da ita suke kiran bakin teku. A birnin London akwai wani shahararren titi da ake kira Strand, wanda ya tashi daga dandalin Trafalgar ya nufi gabas. An ba shi sunan ne domin a da shi ne hanyar da ke bin gaɓar kogin Thames, kuma manyan gidajen da ke jikinsa bayansu har bakin ruwa yake kaiwa. Sai a ƙarni na 19 injiniya Joseph Bazalgette ya yi wa kogin katanga, aka cike gaɓar aka shimfiɗa sabon titi a kanta, aka buɗe shi a 1870. Daga ranar kogin ya ja da baya. Akwai wata ƙofar dutse da aka gina wajen 1626 don masu gida su riƙa sauka cikin kwalekwale ta nan, yau tana nan tsaye a tsakiyar lambun shaƙatawa, ruwa ya yi mata nisa. Dubban mutane ke bin titin kowace rana, kaɗan ne cikinsu ke tuna cewa sunansa yana nufin bakin ruwa.

Kalmar ba ta mutu ba, sai dai ta sake riga. Jirgin ruwan da ya kafe a gaɓa, ruwa ya janye ya bar shi, da ita ake siffanta shi, a ce ya zama "stranded". Daga nan aka ara wa mutumin da guzuri ya ƙare masa a hanya. Ɗan boko da ya rasa kuɗin mota a tashar Zuba yakan faɗi kalmar yana neman taimako, alhali bai san yana kwatanta kansa da jirgin da ya kafe a rairayi ba. Wani abin ban sha'awa kuma, kalmar "bank" a Ingilishi tana nufin gaɓar kogi, tana kuma nufin banki. Ta farkon daga harsunan mutanen arewacin Turai ta shigo, ta biyun kuwa daga Italiyanci, inda take nufin bencin da masu canjin kuɗi ke zama a kai. Ashe ke nan da Bankin Duniya ya zo fadama, masu suna ɗaya ne suka gamu a bakin ruwa.

To, da wannan tunani na bar kasuwa da hantsi na bi wata hanya da ta gangara bayan gari. Shi wannan yanki ƙasa ce ta duwatsu da kwaruruka, ƙoramu da yawa na gangarowa suna neman kogin Usuma, wanda ya fito daga madatsar da ke kusa da Ushafa ya ratsa Kubwa ya nufi Gwagwalada, daga can ya haɗu da Gurara. Kafin Janar Murtala Muhammad ya kafa dokar ƙirƙirar sabon Babban Birnin Tarayya ranar 3 ga Fabrairu, 1976, ƙauyukan Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, da na Gwandara da sauran maƙwabtansu ne a nan, suna noman doya da dawa a tudu, suna shinkafa a kwari. Sunan Abuja ma aro aka yi daga tsohon garin Abubakar Ja, wanda aka mayar Suleja. Daga 12 ga Disamba, 1991, sa'ad da gwamnati ta taso daga Legas, jama'a suka yi ta kwararowa, wanda bai sami wuri a cikin birni ba ya nemi gefe, gefen kuwa shi ne irin su Dei-Dei da Gwagwa da Kubwa.

A bakin wata ƙorama na tarar da wani dattijo yana ban ruwa a 'yar gonarsa ta alayyafo da latas da yakuwa. Faɗinta bai fi filin gida biyu ba. Ta gabas katangar bulo ce, ta yamma an zuba jar ƙasa tifa bisa tifa ana shirin gini, a tsallake kuma masu yin bulo ne ke ɗibar yashi. Na yi masa sallama na ce, Baba, sannu da aiki. Ya amsa, ya kashe injinsa, muka zauna a gindin mangwaro. Ya gaya mini cewa sa'ad da ya fara zuwa ci-rani nan, tun daga inda muke zaune har inda ido ya tsaya lambuna ne. Kowace shekara sai an yanki wani abu, kuma shi ma ya san aron da aka ba shi ya kusa ƙarewa. Amma ba wannan ne ya fi damunsa ba. Ya nuna mini wani layi baƙi-baƙi a jikin katangar nan, ya kai ƙugun mutum, ya ce nan ruwa ya tsaya a daminar da ta wuce. Ya ce shi in ruwa ya zo yakan ɗauki injinsa ya hau tudu, to mai gida fa, ina zai kai gidansa?

Na daɗe ina duban wannan layi. Sai na ga ashe kasuwannin Dei-Dei guda biyu, ta gwari da ta kayan gini, ba maƙwabtaka kaɗai suke yi ba, gasa suke yi a kan ƙasa guda. Ɗaya tana sayar da abin da fadama ta haifa, ɗayar kuwa tana sayar da abin da ake binne fadama da shi. Ba ina cewa gini laifi ne ba, ni ma rakiyar mai gini na zo, kuma dole mutum ya sami inda zai sa haƙarƙarinsa. Amma fadamar da aka cike asara biyu ce. Ta farko, an rasa lambun da ke ciyar da gari daga kusa, sai an jira mota daga Kano. Ta biyu, an rasa wurin da ruwa kan huta. Fadama kamar soso take, tana shanye ambaliya ta riƙa sakinta a hankali. In aka shafe ta da siminti ruwan ba ya fasa zuwa, sai dai ya nemi ɗakin wani. Mazauna Lokogoma sun ga haka a 2019, na Lugbe sun gani a watan Yuni na 2023, sa'ad da ruwa ya shanye gidaje masu yawa a wata rukunin unguwa. Can a Accra ma, bayan ambaliyar 3 ga Yuni, 2015, hukuma ta rushe wani sashe na tsohuwar Fadama don a buɗe wa ruwa hanya.

Ba birni kaɗai ke cin fadama ba. Madatsar Tiga da aka gama a 1974 ita ta haifi noman rani na Kadawa wanda tumatirinsa na gani da asuba, amma ita da ta Challawa da ta biyo baya a 1992 sun rage malalar da ke rayar da fadamun Hadeja da Nguru, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Haka nan da injin ban ruwa ya yawaita, manoma suka nome har bakin gaɓa, sai makiyayi ya zo da rani ya tarar an rufe burtali da mashayar da kakansa ya saba bi. Rigingimu da yawa da muke ji daga nan suka samo tushe, shi ya sa ma kashi na biyu na shirin Fadama ya nemi ya zaunar da manomi da makiyayi da masunci a inuwa guda. A da kowa ya san lokacinsa: ruwa da masunci da damina, manomi da rani, makiyayi bayan an kwashe amfani. Kalmar fadama da wannan tsari take tafe, in aka manta ɗaya an manta ɗayan.

Saboda haka ina da 'yar shawara ga masu karatu, musamman masu tara ɗan abin da Allah ya hore musu don su sayi fili a gefen manyan garuruwa. Kada ka je duba fili da rani kaɗai, ka koma cikin watan Agusta ka gani da idonka, gani ya kori ji. Ka nemi tsofaffin wurin ka tambaye su sunan da suke kiransa kafin zuwan mai awo. In ka ji fadama, ko kwari, ko rafi, ko tafki a cikin sunan, to an riga an gaya maka gaskiya kyauta. Ka dubi ƙasar, in baƙar laka ce mai tsagewa da rani, ka san mai ita yana nan tafe. Hukumomin tsara birane kuma ya kamata su ɗauki fadamun da suka rage a matsayin dukiyar jama'a, su shata su, su bar wa masu lambu, domin rigakafi ya fi magani, kuma kuɗin da za a kashe wajen tsare su bai kai na rabon kayan agaji ba.

Da azahar ɗan'uwana ya sami mota, aka ɗora rodi da kwano, muka kama hanyar Zuba, Dutsen Zuma yana leƙo mu daga gaba. Dattijon nan ya cika mini leda da alayyafo ya ƙi karɓar ko kwabo. A cikin motar na tambayi ɗan'uwana yaya sunan unguwar da yake ginin nasa, ya faɗa mini wani suna na Turanci mai daɗin ji wanda masu sayar da filaye suka raɗa. Na ce a'a, sunanta na da nake nufi. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce zai tambaya. Allah ya sa ya ji Tudun wani abu, Allah kuma ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu sharrin ruwa, amin.